Gudan Jini a Jijiyar Zuciya: Yadda Yake Toshe Hanya da Yadda Ake Narkar da Shi

Ya kai mai karatu, wataƙila ka taɓa jin an ce wane ya tashi lafiya ƙalau, ya yi sallar asuba, ya nufi lambu ko kasuwa, sai ya dafe ƙirji ya faɗi. Wani a yi sa'a ya farfaɗo, wani kuma kafin a samo mota rai ya yi halinsa. A Tamaske da garuruwan Keita da Buza da Madawa akan ce ajali ne. Gaskiya ne, kowane rai yana da ranarsa. To amma Allah ya sanya wa kowane abu sanadi, kuma ya hore wa ɗan Adam sanin wasu daga cikin waɗannan sanadai domin ya nemi magani.

Wannan darasi zai bayyana maka ɗaya daga cikinsu: toshewar jijiyar da ke ciyar da zuciya. A rediyo akan kira wannan ciwo bugun zuciya. Za ka ga yadda gudan jini ke haɗuwa, da yadda jiki ke ƙoƙarin narkar da shi, da ɓarnar da yake yi wa tsokar zuciya, da abin da ya kamata ka yi idan abin ya faru a gabanka. Karanta a hankali. Idan ka gama, ka karanta wa mutanen gidanka.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 18. Wato kusan mutuwa ɗaya cikin kowace uku a duniya. Mafi yawansu bugun zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki suka kashe su. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace sun faru ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Saboda haka kada ka ɗauka ciwon Turawa ne ko na attajirai kawai.

A nan Nijar an yi babban bincike kan lafiyar manya a shekarar 2007, aka sake yi a 2021. Duka biyun sun nuna cewa fiye da babba ɗaya cikin biyar yana da hawan jini, abin da wasu ke kira tansiyo. Da yawa ba su ma san suna da shi ba. Hawan jini kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke lalata jijiyoyin zuciya.

Zuciya ma tana buƙatar abinci

Zuciyarka tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannunka. Aikinta tura jini zuwa ko'ina a jiki. Takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wato kusan sau 100,000 a kwana guda. Ba ta hutun dare, ba ta hutun salla.

Ko da yake jini ne cike da cikinta, tsokar zuciya ba ta ƙoshi da wannan jinin. Tana da nata jijiyoyi da suka kwanta a bayanta, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, ta hagun kuma ta rabu biyu. Su ne ke kawo mata abinci da iskar da muke shaƙa, wadda ake kira oksijin. Faɗin kowacensu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kamar bututun tawada na cikin biro ko ya ɗan fi shi kaɗan.

Ka tuna da lambun albasa a lokacin rani. Injin ban ruwa yana jawo ruwa daga rijiya, ruwan ya bi babbar hanya, sannan ya rarrabu zuwa kowane fangali. Idan hanya ɗaya ta toshe, fangalin da ke shan ruwa daga gare ta shi ne zai fara yaushi, ko da sauran lambun na shar. Haka zuciya take. Kowace jijiya tana da yankin tsokar da take shayarwa.

Yadda hanyar ke toshewa

Toshewar tana da matakai biyu. Na farko yana ɗaukar shekaru, na biyu mintoci kaɗan.

Mataki na farko: kitse yana taruwa a hankali cikin bangon jijiya, kamar yadda laka ke kwanciya a hanyar ruwa. Sai wata ƴar fata siririya ta rufe shi. Hanyar ta fara ƙuntata. Mutum yakan yi shekaru bai ji komai ba. Wani kuma yakan ji ƙirjinsa ya yi nauyi idan yana hawan dutse ko yana noma, in ya huta ƴan mintoci sai ya lafa. Wannan gargaɗi ne babba, kada a raina shi.

Mataki na biyu: wata rana fatar nan da ta rufe kitsen sai ta tsage. Jiki ya ɗauka rauni ne aka yi masa, sai ya yi abin da ya saba yi idan ka yanke da wuƙa. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyi a cikin jini masu danƙo. Su ne ke fara ruguwa wurin, su manne da juna. Bayan haka wasu zarurruka da ake kira fibirin su saƙu a kansu kamar raga, su kama jajayen ƙwayoyin jini. Ta haka gudan jini ke haɗuwa.

A fatar hannu wannan guda rahama ne, domin shi ke tsayar da zubar jini. A cikin jijiyar zuciya kuwa masifa ne, domin hanyar ƙarama ce, kuma gudan na iya cike ta.

Jiki yana da almakashinsa

Jiki ba ya barin gudan jini ya zauna har abada. A cikin jininka akwai wani sinadari da ke yawo kamar almakashin da ke cikin kube. Sunansa filasminojin. Idan guda ya haɗu, bangon jijiya yakan saki wani sinadari da ke zare wannan almakashi. Da zarar an zare shi sai a kira shi filasmin. Aikinsa shi ne yayyanka ragar fibirin har gudan ya wargaje, jini ya samu hanya.

Akwai kuma wani sinadarin da ke riƙe hannun mai zare almakashin, don kada a yi ta yanka har jini ya ƙi tsayawa. Ka ga ashe kokawa ce tsakanin masu saƙa da masu warwarewa. Masu ciwon sukari da masu ƙiba da yawa, wannan mai riƙe hannun yakan yi yawa a jininsu, sai gudan ya yi wuyar narkewa. Yakan kuma ƙaru da sassafe. Masana na ganin wannan na cikin dalilan da suka sa bugun zuciya ya fi faruwa tsakanin asuba da hantsi zuwa tsakar rana.

Sakamakon wannan kokawa shi ke nuna irin ciwon da mutum zai samu:

Idan gudan bai cike hanya ba, ko ya narke da wuri, mutum zai ji ciwon ƙirji ko yana zaune, ya zo ya tafi, amma tsoka ba ta mutu ba. Wannan mutum yana bakin rami.

Idan gudan ya rage jini ƙwarai, ko gutsattsarinsa suka gangara suka toshe ƙananan rassa, wani ɓangaren tsoka zai mutu.

Idan gudan ya toshe hanya ɗungurungum kuma ya ƙi narkewa, duk yankin da jijiyar ke shayarwa yana cikin haɗari. Wannan shi ne mafi muni.

Tun a shekarar 1912 wani likita a birnin Shikago na Amurka mai suna James Herrick ya bayyana cewa gudan jini ne ke jawo wannan ciwo. An daɗe ana gardama a kai. Sai a 1980 likita Marcus DeWood da abokan aikinsa, su ma a Amurka, suka ɗauki hoton jijiyoyin marasa lafiya a lokacin da ciwon ke kansu. A cikin waɗanda aka duba kafin awa 4, kashi 87 cikin 100 jijiyarsu a toshe take gaba ɗaya. A cikin waɗanda aka duba bayan awa 12 zuwa 24, kashi 65 ne. Wannan ya nuna abu biyu. Gudan jini ne mai laifi. Kuma almakashin jiki yakan buɗe hanya ga wasu, sai dai sau da yawa yakan makara.

Abin da ke samun tsokar zuciya

Da zarar jini ya yanke, tsokar yankin takan daina matsawa da ƙarfi cikin minti ɗaya ko biyu, amma ba ta mutu ba tukuna. Kamar albasar da ta yi yaushi take: in ruwa ya dawo za ta miƙe. Bayan minti 20 zuwa 30 sai ƙwayoyin tsokar su fara mutuwa.

Ba sa mutuwa gaba ɗaya lokaci guda. A 1977 masu bincike biyu, Keith Reimer da Robert Jennings, sun nuna cewa mutuwar takan fara daga cikin bangon zuciya, ta riƙa ci zuwa waje, kamar yadda wuta ke cin kara daga gefen gona. Bayan awa 3 an yi asara mai yawa. Bayan awa 6 mafi yawan yankin ya riga ya lalace. Shi ya sa duk minti ɗaya da aka ɓata, tsoka ce aka rasa.

Tsokar zuciya da ta mutu ba ta sake tofowa. Cikin mako 6 zuwa 8 jiki yakan maye gurbinta da tabo, tabo kuwa ba ya tura jini. Idan tabon ƙarami ne mutum zai koma aikinsa. Idan babba ne zuciya za ta yi rauni: numfashi ya riƙa yankewa, ƙafafu su kumbura, mutum ya kasa kwanciya sai a jingine.

Akwai wani haɗarin na gaggawa. Tsokar da ke jin yunwa tana iya rikita bugun zuciya, zuciyar ta riƙa karkarwa maimakon bugawa. Wannan ne ke kashe mutane farat ɗaya, kuma ya fi faruwa a sa'o'in farko.

Yadda likita ke ganewa

Abu na farko shi ne na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda, wadda ma'aikatan lafiya ke kira ECG. Ana manna wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu. Ba ta da zafi, ba ta sa wa mutum wuta. Cikin mintoci kaɗan zanen yakan nuna ko akwai alamar jijiya ta toshe gaba ɗaya.

Abu na biyu awon jini ne. Idan ƙwayoyin tsokar zuciya suka mutu, sukan fashe su zubar da wani sinadari mai suna toroponin cikin jini. Yakan hau bayan ƴan sa'o'i, ya yi mako ɗaya zuwa biyu kafin ya sauka. Yawansa na nuna girman ɓarna. Shi ma gudan jini idan yana narkewa yakan bar gutsattsarin raga a cikin jini, ana iya auna su. Sai dai su kaɗai ba sa tabbatar da bugun zuciya, domin wasu cututtuka da juna biyu ma suna ƙara su.

Maganin da ke narkar da guda

A 1933 wani likita a Amurka, William Tillett, ya lura cewa wasu ƙwayoyin cuta suna fitar da abin da ke narkar da gudan jini. Daga nan aka samo maganin da ake kira sitireftokinas. Shi ba ya yanka ragar da kansa. Almakashin jiki yake zarewa da yawa a lokaci guda. Daga baya aka ƙera wasu magungunan masu kama da wanda bangon jijiya ke saki.

A 1986 aka bayyana sakamakon wani gwaji a ƙasar Italiya kan marasa lafiya kusan 12,000. Cikin kowane 100 da ba a ba maganin ba, 13 suka rasu cikin mako uku. Cikin waɗanda aka ba, kusan 11. Amma ga waɗanda aka yi wa allurar a cikin awa ta farko, mutuwa ta ragu da kusan rabi. A 1988 wani gwajin kan mutum fiye da 17,000 ya nuna cewa idan aka haɗa sitireftokinas da asfirin, mutuwa cikin mako biyar tana sauka daga 13 zuwa 8 cikin 100. Asfirin yana hana ƙwayoyin nan masu danƙo mannewa, don kada sabon guda ya haɗu.

Maganin narkar da guda ya fi amfani a cikin awa 2 zuwa 3 na farko. Bayan awa 12 amfaninsa kaɗan ne. Kuma yana da haɗari, domin ba ya bambanta gudan da ke cutarwa da wanda ke rufe rauni. Kusan mutum ɗaya cikin 100 yakan samu zubar jini a ƙwaƙwalwa. Saboda haka a asibiti kaɗai ake ba da shi, ta jijiya, bayan zanen ECG ya nuna irin toshewar da ta dace da shi. Ka gaya wa likita gaskiya idan majinyacin ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ko an yi masa tiyata kwanan nan, ko yana zubar da jini, ko mace ce mai ciki ko mai jego.

Akwai wata hanyar kuma. Likita yakan zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya har zuwa zuciya, ya hura ƴar balan-balan ya buɗe wurin, ya bar wani ɗan zobe na waya don hanyar ta zauna a buɗe. Andreas Gruentzig ne ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan, a birnin Zurik na Suwizalan a 1977. Wannan aiki sai babban asibiti mai na'urori na musamman.

Alamomin da za ka kula da su

Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, kamar an ɗora maka buhun hatsi, wanda ya wuce minti 15 bai lafa ba.

Ciwon da ke yaɗuwa zuwa hannu, musamman na hagu, ko wuya, ko muƙamuƙi, ko baya.

Gumi mai sanyi, tashin zuciya ko amai, yankewar numfashi, jiri, da jin kamar mutuwa ta zo.

Mata da tsofaffi da masu ciwon sukari, wani lokaci ciwon ƙirjin ba ya tsanani gare su. Sai dai gajiya mai yawa, ko numfashi sama-sama, ko zafi a saman ciki. Mutane da yawa sukan ce ƙwannafi ne ko gyambon ciki, su jiƙa kanwa su sha, su kwanta. A nan ake asarar lokaci.

Abin da za ka yi

1. A zaunar da majinyacin, a jingina shi, a sassauta masa tufafi. Kada ya yi tafiya da ƙafa, kada ya tuƙa babur ko mota da kansa.

2. A duba agogo ko wayar salula, a riƙe lokacin da ciwon ya fara. Likita zai tambaya, domin da shi zai san maganin da ya dace.

3. A nemi abin hawa nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ce bari gari ya waye, ko bari mai gida ya dawo daga tafiya.

4. A nufi cibiyar lafiya mafi kusa. A faɗa wa majo ko ma'aikacin da aka tarar: ƙirjinsa ne ke ciwo tun ƙarfe kaza. Shi zai ba da taimakon farko, ya tura ku gaba: asibitin gunduma a Keita ko Buza ko Madawa, ko babban asibitin jiha a Tawa, har zuwa Yamai idan da buƙata. In an ce a wuce gaba, kada a koma gida shawara.

5. Ma'aikacin lafiya yakan ba da asfirin miligiram 150 zuwa 300 a tauna. Ba a ba wanda jikinsa ba ya karɓar asfirin, ko mai zubar jini a ciki. Idan kuma baki ya karkace ko ɓarin jiki ya saki, kada a ba shi, domin wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne.

6. Kada a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. Gudan yana can cikin jijiyar zuciya, ƙaho ba ya kai wurin, kuma raunin zai iya yin ta zubar jini idan an yi allurar narkarwa. Addu'a kuwa a yi ta a hanya, ba ta hana tafiya.

7. Idan ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, a kwantar da shi rigingine a ƙasa. A ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya zo.

A ƙasar Adar hanya na da duwatsu, da damina kuma ƙorama kan tsare mota. Saboda haka shiri tun kafin rana ya zama dole. Ka ajiye lambar direba ɗaya ko biyu da ta ma'aikacin lafiya. Ƙungiyar mata masu adashi ko ƴan ajinku na yaƙi da jahilci na iya ware ɗan kuɗin mai don ranar gaggawa.

Rigakafi ya fi magani

A 2004 wani bincike a ƙasashe 52, har da wasu na Afirka, ya nuna cewa abubuwa tara ne ke jawo kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya. Manyansu su ne taba, kitse mai yawa a jini, hawan jini, ciwon sukari da tumbi. Duk ana iya rage su.

Ka je a auna maka jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan awo yana kai 140 bisa 90 ko fiye a lokuta dabam-dabam, hawan jini ne. Maganinsa na kullum ne, ba a dainawa don an ji sauƙi.

Ka bar taba, ta hayaƙi da ta tauna da shisha. Tun 2006 Nijar take da dokar yaƙi da shan taba, amma dokar da ta fi ƙarfi ita ce wadda mutum ya kafa wa kansa.

Ki rage gishiri a tukunya, uwargida. Babba ba ya buƙatar fiye da giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Kanwa ma tana ɗauke da irin abin da ke cikin gishiri. A rage kitsen nama da soye-soye da sukari a shayi. A yawaita wake da zogale da kuka da kayan lambu.

Mai noma yana motsa jiki. Amma ɗan kasuwar da ke yini a shago da direban da ke yini a mota, su nemi tafiyar ƙafa ta minti 30 a yini, kwana biyar a mako.

Wanda ya tsira daga bugun zuciya kuwa, ya ci gaba da shan magungunan da aka rubuta masa, ya riƙa komawa asibiti a ranar da aka sa masa. Kitsen da ya tsage sau ɗaya na iya sake tsagewa.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Minti nawa tsokar zuciya ke jurewa kafin ta fara mutuwa?

2. Me ya sa ake ba da maganin narkar da guda a asibiti kaɗai?

3. Idan ciwon ƙirji ya kama wani a gidanku da ƙarfe biyun dare, wa za ku kira, kuma da me za ku kai shi cibiyar lafiya? Rubuta amsarka a takarda, ka liƙa ta inda kowa zai gani.